Baƙin Mai a Bututun Iska: A Bincika Kafin a Yanke wa Turbo Hukunci

A tsakiyar hunturun bara wani ɗan ƙaninmu ya dawo gida da magariba, ya zauna a zaure ya yi tagumi, aka kawo tuwo ya ce ya ƙoshi. Yaron direba ne, yana jan bas mai injin dizal tsakanin Tamale da Bolgatanga, a kan tsarin nan da aka saba da shi a ƙasar nan, wato ya riƙa biyan mai mota wani abu kowane mako har ranar da motar za ta zama tasa. Da muka matsa masa da tambaya sai ya ce kwana biyu motar ba ta ja, in ya taka totur sai baƙin hayaƙi, kuma tun daga Savelugu yake jin wani huci a gaban mota kamar na maciji. Ya kai ta wani gareji, wani matashin bakanike ya kwance tiyon da ke ƙasan intakula, baƙin mai ya ɗigo masa a yatsa, nan take ya ce, "Direba, turbonka ya mutu, sai dai a aika Kumashi a kawo wani." Kuɗin da aka faɗa masa zai cinye duk abin da ya tara, ya kuma haɗa da biyan mai mota na makonni.

Washegari muka tasa shi gaba zuwa wurin wani dattijon bakanike a wajen Lamashegu. Da farko dattijon ko kallon turbon bai yi ba. Tukunyar matatar iska ya fara buɗewa, wadda makanikai ke kira iyakilina, ya zaro matatar, sai ga jar ƙura ta toshe ta ƙam kamar an yaɓe ta da laka. Ya leƙa bututun da ke kai iska bakin turbo, ya sa yatsa ya motsa fankar turbon, sa'an nan ya juyo ya ce, "Ɗana, lita nawa kake ƙara wa injin nan tsakanin juye da juye?" Yaron ya ce, "Masta, ko lita guda ba ta cika ba." Dattijon ya ce, "To, turbo bai yi maka laifin komai ba." Aka sa sabuwar matata, aka wanke intakula, aka canja tiyo ɗaya da ya tsage, wanda shi ne mai hucin nan. Har yau motar tana kan hanya da turbonta na da.

Mun kawo wannan labari ne saboda yawan mutanenmu da abincinsu ke rataye da injin dizal: direbobi da yaran mota, masu tarakta, masu injin niƙa, 'yan albasa da 'yan doya da dillalan shanu waɗanda kayansu ba sa isa kasuwa sai a bayan mota. Kakanninmu fatake da suka riƙa ɗaukar goro daga Salaga zuwa Kano ba sa sayar da jaki don kawai ya yi ɗingishi, sai sun ɗaga kofato sun duba ko ƙaya ce. Haka ya kamata mu yi da abin hawanmu na yau.

Hanyar da iska ke bi

Injin dizal ya fi bukatar iska fiye da yadda yawancinmu muke zato. Kafin lita ɗaya ta dizal ta ƙone sarai, sai ta sami iska aƙalla lita 10,000. Shi ya sa masu ƙera injuna suka daɗe suna neman hanyar cusa wa inji iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ne ya yi rajistar dabarar turbo a shekarar 1905, shekara takwas bayan injin Rudolf Diesel ya fara aiki sosai a Jamus a 1897. An fara da jiragen ruwa da manyan injuna, daga baya aka sa wa manyan motocin kaya, ƙananan motoci masu dizal kuwa sai a 1978 da Mercedes-Benz ta fito da 300SD, Peugeot ta biyo baya da 604 a 1979. Tsohuwar bas ɗin nan 207 da muka sani ba ta da turbo, amma Sprinter da ta gaje ta tun 1995, da akori-kura na zamani irin su Hilux da Navara, da tireloli masu ɗauko kaya daga Tema su ratsa Tamale zuwa Paga da Wagadugu, kusan dukkansu da turbo suke tafiya.

Shi turbo fanka biyu ne a kan sanda guda. Hayaƙi mai zafi da ke fita daga inji zuwa salansa shi ke juya fanka ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska daga matata ta danna ta zuwa inji. Sandar takan juya fiye da sau 100,000 a minti guda. Iskar da aka danna haka takan yi zafi har ta wuce digiri 100, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri, don haka sai a bi da ita ta cikin intakula, wato wani lagireto na iska da ke gaban mota, ta huce kafin ta shiga inji. Hanyar ke nan: matata, turbo, tiyo, intakula, wani tiyon, sa'an nan inji. A wannan hanya ce ake ganin baƙin man da ke tayar wa direbobi hankali.

Ƙofa biyu da man ke shigowa

Ƙofa ta farko ita ce numfashin injin kansa. Duk sa'ad da dizal ya kama wuta a kan fistin, wani ɗan kaso na iskar yakan silale ta gefen zobban fistin ya gangara ƙasan inji inda baƙin mai yake kwance. Ko sabon inji yana yin haka. Dole ne a ba wannan iska mafita, in ba haka ba za ta tura mai waje ta kowace kafa. A tsofaffin manyan motoci da taraktoci da yawa wani bututu ne ke rataye a gefen inji yana fesar da ita ƙasa, shi ya sa ake ganin baƙin tabo a inda suka kwana. Dokokin hana gurɓata iska, waɗanda jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara aiki da su a kan wannan bututu a 1961, su suka sa aka daina zubar da ita waje. Yanzu ana mayar da ita cikin bututun iska, dab da bakin turbo, domin inji ya ƙone ta. To, wannan iska tana ɗauke da feshin mai. Akwai wata 'yar matata a kan inji da ke tare mafi yawansa, amma ba ta tare duka. Abin da ya wuce yakan bi ta turbo, in ya isa intakula ya huce sai ya kwanta a jikin bututu, ya taru a wurin da ya fi gangare. Saboda haka danshin mai a cikin tiyo, ko cokali ɗaya zuwa biyu a ƙasan intakular motar da ta yi tafiyar dubban kilomita, abu ne da aka saba gani ko a lafiyayyen inji.

Ƙofa ta biyu ita ce turbon. Sandarsa a kan baƙin mai take yawo, man da famfon inji ke turowa ta wani siririn bututu, sa'an nan ya gangara da kansa ya koma ƙasan inji ta wani bututu mai faɗi. Mutane da yawa suna zaton akwai roba da ke tare man a gefe biyu na sandar. Babu roba a wurin, domin zafi da gudu za su cinye ta. Wasu 'yan ƙananan zobban ƙarfe ne masu kama da na fistin, kuma abin da ke taimaka musu riƙe man shi ne ƙarfin iskar da ke danno su daga waje. Idan wannan ma'auni ya ɓaci, turbo mai cikakkiyar lafiya ma zai zubar da mai. Yakan ɓaci in bututun komawar mai ya toshe da dauɗa ko ya lanƙwashe, ko in zobban fistin sun cinye har iska ta cika ƙasan inji ta hana man gangarowa, ko in an zuba mai ya wuce alama, ko in an bar inji a silo awa da awanni a tasha ana jiran fasinja. Sai kuma babban dalilin da ya fi shafarmu a nan arewa, wato toshewar matatar iska.

Ƙurar hunturu

Da yawa daga cikin motocin da muke ja sun gama wani zamani a Turai kafin su sauka a Tema ko Takoradi, kuma lissafin lokacin canja matata da ke cikin littafinsu an yi shi ne domin titunan da ba su san ƙura irin tamu ba. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi, ta lulluɓe mu da ita. A ƙara da jar ƙasar hanyoyin ƙauye da masu ɗauko doya da masara da kaɗanya suke bi. Matatar da za ta shekara a Jamus tana iya toshewa a nan kafin hunturu ya fita.

Idan matata ta toshe, turbo ba ya fasa zuƙa. Kamar mutum ne yana tsotsar tsinken shan lemo da aka toshe bakinsa: abin da ya samu kusa shi zai jawo. Sai ya jawo mai ta gefen zobensa, ya kuma ƙara jawo feshin mai daga bututun numfashi. Inji kuma ya rasa iska, ƙarfi ya ragu, baƙin hayaƙi ya tashi. Duk alamun da ake jingina wa mutuwar turbo sun bayyana ke nan, alhali kuwa maganin bai wuce kuɗin matata ba.

Akwai wata al'ada da ta fi toshewar muni. Direba ya zaro matata ya bubbuga ta a jikin taya, ko ya kai wa mai faci ya hura ta da iska mai ƙarfi. Takarda ce fa, in ta huje ko da ƙofar allura ce, ƙura za ta wuce kai tsaye. Ita ƙurar nan yashi ce, tana cin bakin fankar turbo, tana goge zobban fistin, daga nan numfashin inji ya ƙaru, mai ya ƙaru a cikin bututu. A nan ne ƙaramin ciwo ke zama babba, har a kai ga sauke inji. In dole ne a hura, a yi a hankali daga ciki zuwa waje, sa'an nan a sa fitila a ciki a duba. In haske ya fito ta wani wuri, matatar ta gama aiki. Wanda kuma ya cire matata gaba ɗaya wai don mota ta ja, to ya sayar da injinsa da rahusa.

Yadda ake ganewa

Ba sai an mallaki kwamfuta ba kafin a raba gardamar nan. Na ɗaya, a duba inda man ya faro. A kwance bututun da ke tsakanin matata da turbo. In an sami mai a cikinsa daga inda bututun numfashi ya haɗu da shi, to daga inji man yake, turbo wucewa kawai ya yi ta cikinsa. In wannan bututu a bushe yake amma bayan turbo a jiƙe, sai a mai da hankali kan turbon da bututun komawar mansa.

Na biyu, a auna abin da inji ke sha. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a duba sandar awon mai da safe kafin a tayar, a rubuta, a sake dubawa bayan tafiyar kilomita 1,000, wato kamar zuwa Bolga da dawowa sau uku. Injin da ma'auninsa bai motsa sosai ba, ba shi da babbar matsala ko da tiyonsa na da danshi.

Na uku, a kashe inji a bari ya huce, a sa yatsa a kama kan sandar turbo. Ɗan motsi kaɗan zuwa gefe ba laifi ba ne, don a kan mai take yawo. Amma in fankar tana taɓa jikin gidanta, ko tana shiga tana fita in an ja ta, ko bakin fukafukanta ya gutsure, to lallai turbon ya gaji.

Na huɗu, inji yana silo a sassauta murfin zuba mai a ɗora shi a bakin ramin. In yana ɗan rawa kawai, lafiya. In iska tana cilla shi sama, hayaƙi na tuɗaɗowa kamar tukunyar dambu, to a nemi a auna ƙarfin matsin kowane silinda, domin alama ce zobban fistin sun cinye. Injin da ke wannan hali ko an sa masa sabon turbo daga kwali, zai ci gaba da zubar da mai, kuɗin kuwa ya tafi a banza.

Na biyar, a kula da launin hayaƙi. Baƙi yana nuna ƙarancin iska ko yawan dizal, shuɗi-shuɗi mai ƙauri kuwa yana nuna baƙin mai ne ke ƙonewa. A ƙarshe, a wanke bututun a mayar, a sake buɗewa bayan mako biyu. In danshi kawai aka tarar, a ci gaba da aiki. In ya sake taruwa har ya kai cikin gwangwanin madara, kada motar ta sake ɗaukar fasinja sai an gano dalili.

Ranar da inji ya ƙi mutuwa

Kada wani ya karanta abin da ya gabata ya ce ashe man ba komai ba ne. Kaɗan ne ba komai ba. Ko kaɗan ɗin ma, in ya daɗe yana laushe tiyon roba har ya kumbura ya tsage ko ya suɓuce daga maɗaurinsa. A injunan da ke mayar da wani kaso na hayaƙin salansa cikin inji, kamar yadda dokokin Turai suka sa aka riƙa yi, man yakan haɗu da baƙin hayaƙin ya zama kamar kwalta ya rage faɗin hanyar iska.

Babban haɗarin kuwa shi ne gudun inji. Injin fetur da tartsatsin fulogi yake kama wuta, in an kashe makulli wuta ta ɗauke. Injin dizal matsi ne ke kunna shi, makulli dizal kawai yake tsayarwa. Duk abin da ke cin wuta in ya biyo iska ya shiga, inji zai ƙone shi. A matatar mai ta Texas City a Amurka, ranar 23 ga Maris 2005, masu bincike sun gano cewa wata akori-kura mai dizal da aka bari a kunne ta shaƙi tururin man da ya malala, injinta ya yi ta gudu, kuma ita aka fi zaton ta tayar da gobarar da ta kashe mutum 15. Baƙin mai ma haka yake yi. Idan ya taru da yawa a intakula, ranar da direba ya taka totur sosai iska za ta kwashe shi ta watsa cikin inji. Sai inji ya ɗauki kuka, hayaƙi ya rufe hanya, a zare makulli ya ƙi mutuwa, yana ƙara gudu yana ƙara jawo man, har sai man ya ƙare ko ƙarfe ya fasa gefen inji.

Wanda wannan ya same shi, kada ya tsaya mamaki. Ya ratse gefen hanya, ya danne birki da ƙarfi, ya ja birkin hannu, ya sa babbar giya, ta huɗu ko ta biyar, ya saki kuloci domin inji ya shaƙe ya mutu. Yaron mota kuwa ya fitar da fasinja su yi nisa. In motar ba mai kuloci ba ce, sai a toshe bakin shigar iska da faffaɗan katako, ko a fesa masa abin kashe gobara mai iskar kabon. Kada a kuskura a sa tafin hannu ko ƙyalle, domin zai zuƙe su. In abin ya gagara, a bar motar a tsira da rai. Bayan inji ya mutu kada a sake tayar da shi, a jawo motar zuwa gareji.

Wani lokacin da wannan ya fi faruwa shi ne bayan gyara. Turbo ya lalace da gaske ya cika intakula da mai, an sayo wani daga Suame ko Abossey Okai an ɗaura, amma ba a wanke intakular ba. Sabon turbo mai ƙarfi sai ya kwashi tsohon man ya tura. Don haka duk wanda aka canja wa turbo, ya tsaya a kan a sauke intakula da tiyoyinta a wanke, a bar su su bushe sarai kafin a mayar, domin ragowar kananzir ko fetur da aka yi wankin da shi ma abincin inji ne. In tsohon turbon farfashewa ya yi, ya fi kyau a canja intakular, saboda ɓarɓashin ƙarfe yakan maƙale a cikinta. A kuma duba bututun kawo mai da na komawarsa, a sa sabon mai da sabuwar matata.

Abin da ya rage gare mu

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Ga direbobi, a duba matatar iska kowane mako a lokacin hunturu, a yi juyen mai kafin lokacin da littafi ya faɗa in ana bin hanyar ƙura, a sayi man da ke cikin rufaffen galan mai lambar da ta dace da injin, kada kuma a zuba ya wuce alama. In an tayar da inji da safe a ba shi kamar rabin minti mai ya zagaya kafin a taka totur. In an iso daga doguwar tafiya, kamar daga Kumashi, a bar shi a silo minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don kada man da ke cikin turbo ya soye ya toshe hanyarsa. Amma a daina barin inji yana kuka tun hantsi har azahar a tashar Aboabo ana jiran mota ta cika.

Ga iyayen gidanmu masu motoci, direban da ke fafutukar haɗa biyan mako shi ne ya fi saurin ɗage sayen matata zuwa wata mai zuwa. In kun ware kuɗin matata da mai daban, dukiyarku kuka tsare. Ga makanikanmu kuwa, waɗanda da yawansu ƙwararru ne da muke alfahari da su, muna roƙon a koya wa yara almajiran gareji su fara da tambayar inda man ya fito kafin su ambaci sunan kayan da za a saya. Direba ma yana da haƙƙin ya ce, "Masta, nuna mini." Bakaniken kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ɗan ƙanin namu yanzu yana ajiye matata guda a ƙarƙashin kujera, da ɗan littafi inda yake rubuta awon mai kowace Jumma'a. Saura 'yan watanni ya gama biya. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, amin.